Inda Aka Binne Cibiya: Reza, Kasko da Ramin Bayan Ɗaki a Ƙasar Kazaure

A ƙauyukan Roni da Gwiwa, kamar sauran karkarar ƙasar Hausa, ba a cika aika wa ungozoma tun farkon naƙuda ba. Mace takan durƙusa ita kaɗai a ƙuryar ɗaki, ta cije ta daure, don kunya ba ta barin a ji muryarta a tsakar gida. In haihuwar fari ce, ta zo goyon ciki gidan iyayenta, uwar na bakin ƙofa tana kasa kunne. Sai an ji kukan jariri ake tashin yaro da gudu: "Maza je ka ce wa Iya ta zo, an sauka." Tsohuwar da za ta shigo da ɗan ƙullinta a gefen zani ba karɓar haihuwa ta zo yi ba, irin yadda ma'aikatan asibiti suka san shi, domin ta tarar an riga an haihu. Aikinta uku ne: ta yanke cibiya, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya. A kan waɗannan ukun aka gina sana'ar ungozomanci, kuma na farkonsu ne ya fi kowanne nauyi.

Ba ta gaggawa. Jariri na kwance a kan tsumma, igiyar cibiya na haɗe da shi, ita kuwa tana jiran mabiyiya ta faɗo. In ta yi gardama, a ba maijego kwalba ta hura, ko a sa mata abin da zai sa ta atishawa ko yunƙurin amai. Sai mabiyiya ta fito ungozoma ke kama igiyar, ta auna da yatsunta daga cikin jaririn, ta tatse, ta ɗaure da zare, sannan ta yi bisimilla ta yanke. Jaririn ba ya jin zafin yankan, domin igiyar ba ta da jijiyar da ke kai saƙon ciwo. Hanyoyin jini uku ne kawai a cikinta, ɗaya mai kawo wa ɗan tayi abinci da iska daga uwa, biyu masu mayar da abin da jikinsa ya gama da shi, kuma tsawonta bai cika wuce rabin mita da 'yan kai ba.

Wannan jira na tsofaffi ya daɗe yana shan raini a wurin masu ilimin zamani, waɗanda aka koya musu su datse cibiya da zarar jariri ya faɗo. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ke cewa a dakata minti 1 zuwa 3 kafin a datse, saboda jinin da ke ci gaba da kwararowa daga mabiyiya yana ƙara wa jariri ƙarfin jini na watanni. A nan dai Iya ce ta riga likita.

Abin yankan shi ne ya yi ta sauyawa. A da, wuƙar gida ce ko askar da maƙeri ya ƙera, a wasu wuraren kuma ɓawon karan dawa ake tsagowa, wanda kaifinsa ya isa ya yanka yatsan duk wanda ya taɓa yin wasan motar kara. Da kayan kanti suka yawaita a kasuwannin ƙauye sai reza ta kore su duka. Har yanzu duk mai ɗinka kayan haihuwa, ko a Kazaure ko a Babura, yakan haɗa da reza sabuwa a cikin takardarta, tare da sabulu da zare da man shafawa. Matsalar tana tasowa ne daren da haihuwa ta zo ba shiri, aka lalubo wadda maigida ya yanke farce da ita.

Daga nan sai binnewa, kuma a nan ne al'adar ta fi zurfi. Ungozoma takan wanke mabiyiya tas da sauran igiyar da ke jikinta, ta naɗe a tsumma ko ta sa a tsohon kasko, a haƙa rami a bayan ɗakin maijego ko kusa da inda za ta riƙa wankan jego, a rufe, wani lokaci a ɗora dutse don kada kare ya tone. Ba a yin wannan a gaban jama'a, ba kuma kowa ake nuna wa wurin ba. Tsofaffi na cewa akwai yadda ake kwantar da ita, in aka kife ta to an rufe wa matar haihuwa, shi ya sa ba a miƙa wannan aiki ga wadda ba a yarda da zuciyarta ba. Gidan da ke da kishiyoyi masu zaman doya da manja ya san abin da ake nufi. Tsoron maye da mai sammu na daga cikin dalilan ɓoyewar, amma akwai dalili mafi sauƙi wanda malamai ke bayarwa: abin da ya fito daga jikin ɗan Adam yana da alfarma, ba a yar da shi a juji. Da wannan hujjar ce al'adar ta zauna daram cikin Musulunci, alhali su ma Maguzawan da suka rage a ƙauyukan wannan yanki suna binne tasu.

Hausawa sukan haɗa duka biyun, igiyar da mabiyiyar, su kira abin binne cibiya. Daga wannan ramin ne maganar nan ta fito da kowa ya sani: "Nan aka binne cibiyata." Mai faɗin haka ba labarin haihuwa yake bayarwa ba, iƙirari yake yi cewa shi ɗan gida ne, ba mai korarsa, yana da bakin magana a kan gona da kangon gado da sha'anin gari. Kafin a san takardar haihuwa, wadda dokar tilasta yin rajistarta ta yanzu ta fito a 1992, shaidar asalin mutum tana bakin tsofaffin unguwa, kuma babu wanda ya fi ungozoma sanin wa aka haifa a wane ɗaki, a wace damina, shekarar fari ko ta ƙwari. Ita ce rajistar gari. Ko yau, mai neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma sai ya bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, kuma abin da suke tabbatarwa a ƙarshe bai wuce wannan tsohuwar tambaya ba: a gidan wa aka binne cibiyarsa?

Yankin Kazaure ya fi wurare da yawa sanin darajar tambayar, domin ƙasa ce da iyaka ta yi ta yawo a kanta. Ita kanta masarautar an yanko ta ne daga gefen Kano da Katsina da Daura. Ɗan Tunku, jagoran Fulani Yarimawa wanda ya taimaka wa jihadi a arewacin Kano, ya ƙi yi wa Ibrahim Dabo mubaya'a lokacin da ya hau gadon Kano a 1819. Aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya bar masa ƙasarsa. Dambatta, inda Ɗan Tunku ya fara zama, ta tsaya a hannun Kano, ɗansa Dambo kuma ya kafa gadon sarauta a Kazaure, cikin duwatsu. Bayan haka Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja tasu iyakar a farkon ƙarni na 20, ta bi ta arewacin Babura, ta bar dangi guda rabi a Nijeriya rabi a Nijar. Dattijon da aka haifa a Babura a 1950 ya tashi a Lardin Kano na Jihar Arewa, ya wayi gari ɗan Jihar Kano a 1967, ya sake wayar gari ɗan Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, a shekarar nan kuma garinsa ya bar masarautar Kano ya koma sabuwar masarautar Ringim. Takwaransa na Roni ko Gwiwa ko 'Yankwashi ya ci gaba da bin Sarkin Kazaure, amma shi ma hedikwatarsa ta tashi daga Kano ta koma Dutse. Duk wannan juyi ya wuce ta kansu ba su matsa ko taku ɗaya daga bayan ɗakin da aka haƙa musu rami ba. Ba abin mamaki ba ne in mutumin irin wannan wuri ya fi amincewa da ramin fiye da taswira.

Da wannan nauyin kalmar ta fita daga ɗakin maijego ta shiga ofis. Da aka buƙaci sunan wurin da abubuwa ke taruwa su kuma bazu daga gare shi, ba a je nesa ba: Kano ta zama cibiyar kasuwanci, Sakkwato cibiyar Daular Usmaniyya, an yi Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, ƙaramin asibitin ƙauye ma cibiyar lafiya ake ce masa a rediyo. Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan tunanin ba. Girkawan dauri sun kafa wani dutse a Delfi suna kiransa cibiyar duniya, Maori na ƙasar Niyu Zilan kuma kalma ɗaya suke kiran mabiyiya da ƙasar haihuwa da ita, kuma su ma binnewa suke yi. A Japan ana adana busasshiyar cibiyar jariri a ɗan akwatin katako, uwa ta riƙe shekara da shekaru.

Komawa ɗakin maijego, aikin bai ƙare da yanka ba. Guntun da ya rage a cikin jariri sai ya bushe ya faɗi, kuma in aka bar shi da kansa yakan ɗauki kwana 5 zuwa 15. Tsofaffi ba sa son ya kai haka. Burinsu cibiya ta faɗi kafin suna, don a fito da jariri ranar bakwai ba tare da ita ba, kuma a gidaje da yawa faɗuwarta na tafiya tare da ranar ƙauri, lokacin da ake dafa wa maijego ƙafafun sa da yaji. Saboda haka ake gashi. Safe da yamma, bayan wanka, ungozoma ko kakar jariri za ta zauna gaban murhu, ta ɗora tsingaron tukunya a kan garwashi, ta ɗumama tsumma ko tafin hannunta a kai, ta riƙa dannawa a hankali a kan cibiyar, jaririn na tsala kuka tana yi masa wasa: "Yi haƙuri angona, kaɗan ya rage." Sannan a shafa wani abu. Jerin abin da aka shafa wa cibiyar 'ya'yan Hausawa tarihi ne na abin da ke kusa da hannu a kowane zamani: man shanu, man kaɗe, toka, gishiri, garin magani, daga baya man zafi na gwangwani, hodar jarirai, sai kuma makilin, wanda ya shigo da ƙarfinsa har wasu iyaye mata suka ɗauka don cibiya aka yi shi. In ta faɗi ba a yar da ita. Wasu su binne, wasu su ƙulle a tsumma su jefa a ƙasan adaka, wasu su ba baduku ya ɗinke a laya.

In kuma yaro ya tashi da cibi, wato cibiyar ta turo waje kamar ƙwallon goruba, laifin yakan faɗa kan ungozoma, a ce ba ta iya yanka ba ko ba a gasa da kyau ba. Wannan zalunci ne. Cibi ƙofa ce a naman ciki da ba ta gama rufewa ba, yana da yawa a tsakanin 'ya'yan Afirka, kuma akasari yakan koma da kansa kafin yaro ya kai shekara 5. Kwabon da ake ɗaurewa a kai ba ya ƙara komai. Sai in ya kumbura ya yi tauri, yaro na kuka da amai, nan ne cibi ya zama ƙari da gaske, kuma asibiti ake nufa a daren.

Akwai dai laifin da ba a ɗora wa reza da abin shafawa ba alhali nasu ne. Jariri ya zo lafiya, ya kama nono, kwana uku, kwana biyar, ana shirin suna an sayo rago. Sai ya daina tsotso. Bakinsa ya ƙi buɗuwa, jikinsa ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, ko ƙarar faɗuwar kwano ta sa shi zabura. Kafin kwana biyu an kai shi makwanci. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne iska ta taɓa shi, ko maye ya kama kurwarsa, ko kuwa in abin ya maimaitu a ce uwar wabi take yi. Cutar sarƙe haƙora ce, wadda wasu ke kira tsinkau-tsinkau. Ƙwayarta na zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana jure zafi da fari na shekaru, kuma ba ta da ƙofar da ta fi ɗanyar cibiya. Yawanci tsakanin kwana 3 zuwa 14 take bayyana, mafi yawa wajen kwana bakwai, shi ya sa ta saba cin karo da ranar suna. A gidan da awaki ke kwana a tsakar gida, kuma a ƙasa ake durƙusawa, ba sai an nemo ta daga nesa ba.

Ba ciwon Bahaushe ba ne shi kaɗai. A tsibirin St Kilda na Sikotland, a ƙarni na 19, fiye da rabin jariran da ake haifa wannan cuta ke kashewa, har mutanen wurin suka sa mata suna ciwon kwana takwas, kuma ba ta tsaya ba sai wajen 1891 da aka kawo ma'aikaciyar jinya aka canza yadda ake kula da cibiya. Masana sun gano ƙwayar cutar a shekarun 1880, amma bayan shekara ɗari Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 kaɗai jarirai kimanin 787,000 ta kashe a duniya. A 1989 aka yi shelar kawar da ita. Zuwa 2018 adadin ya sauko zuwa kimanin 25,000. Nijeriya na cikin 'yan ƙasashen da suka rage ba su gama da ita ba, kuma Arewa ce ta riƙe ta.

Abin da ya karya lagon cutar abu biyu ne, allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki a wurin awo, wadda kariyarta ke bi ta wannan igiyar dai ta isa ga ɗan tayi, da kuma tsabtar yanka. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka ƙarfafa kiwon lafiya matakin farko, aka riƙa tara ungozomomin gargajiya ana koya musu wanke hannu da amfani da sabuwar reza. Daga baya ra'ayin masana ya juya, aka ce horar da su bai rage mutuwar mata yadda aka zata ba, a mayar da hankali ga ƙwararru. Jigawa ta kafa tsarin kiwon lafiya na Gunduma a 2007, ta ɓullo da shirin Haihuwa Lafiya mai kai masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka, gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomin zamani karkara a 2009, yanzu kuma akwai makarantar koyon aikin ungozoma a Babura kanta. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16. Wato mafi yawan cibiyoyin wannan yanki har yanzu a hannun Iya suke. Duk tsarin da ya yi kamar ba ta nan, kansa yake ruɗi.

Sabon abin da ya shigo kwandon kayan haihuwa shi ne man kulohezidin, ɗan bututu mai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙauyukan Nepal da Bangaladash da Pakistan, inda su ma a gida ake haihuwa, sun nuna shafa shi a cibiya na rage ruɓewarta da mutuwar jarirai. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunan yara, a shekarar Jihar Sakkwato ta fara raba shi gida-gida, a 2016 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin yaɗa shi a ƙasa baki ɗaya, kuma a cikin Nijeriya ake sarrafa shi. Hikimarsa ita ce bai ce wa kaka ta naɗe hannu ba. Shekaru aka yi ana cewa a bar cibiya ta bushe da kanta, ba wadda ta saurara, domin a ganin tsohuwa barin jariri ba shafi sakaci ne. Yanzu an ba ta abin shafawa. Ƙorafinta ɗaya, kuma gaskiya ne: man yakan ɗan jinkirta faɗuwar cibiya, wani lokaci har ta wuce suna. Nan ne ake komawa makilin da gishiri a ɓoye bayan ma'aikaciyar lafiya ta juya baya.

Binnewar kuwa ba abin da ya taɓa ta, kuma babu dalilin taɓa ta. Wadda ta haihu a babban asibitin Kazaure ma ba ta barin mabiyiya a can. Ana ƙulle ta a baƙar leda a miƙa wa 'yar rakiya, angon ƙarni ya ɗauko su a babur, a kai gida a wanke a haƙa rami. Masu zaman haya a gidan da aka shafe da siminti sukan aika da ita gidan iyaye a ƙauye, don kada cibiyar ɗansu ta kwana a ƙasar wani.

Ga angon ƙarni da ke lissafin rago da goro da turmin atamfa: allurar awo kyauta ce a asibitin gwamnati, sabuwar reza da bututun kulohezidin kuwa kuɗinsu bai kai na ƙafar ragon ba. A saye su tun ciki na wata bakwai, a damƙa wa wadda za ta yi yankan, a gaya mata ko cibiya ta wuce suna ba ta faɗi ba, ba komai. A kuma ja kunnen duk mai shiga ɗakin cewa man na cibiya ne kawai, domin a 2019 sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an samu jarirai a ƙasashen Afirka da aka ɗiga musu shi a ido bisa kuskure, wasunsu suka makance.